Itacen Amla na Ƙasar Indiya: Yadda Ake Rainonsa da Takin Gida, da Amfaninsa ga Lafiya



Jawabinmu na yau a kan wani itace ne na ƙasar Indiya, wanda mutanen can suke kira amla, masana kuwa suna ce masa Phyllanthus emblica. Kada wani ya ce ina ruwanmu da itacen wata ƙasa. Ai mangwaro da zogale da dogon yaro duk daga wannan sashe na duniya suka zo mana, ga shi yau sun zama 'yan gida. Dalilin da ya sa muka zaɓi amla kuwa shi ne, manomin Indiya yana fama da irin abubuwan da manominmu yake fama da su, watau ƙarancin ruwa, da gajiyar ƙasa, da tsadar takin zamani. Duk da haka yana cin moriyar wannan itace shekara da shekaru.

Kamanninsa

Amla itace ne matsakaici, ganyensa ƙanana ne sun jeru kamar na tsamiya. 'Ya'yansa kewayayyu ne, ba su kai lemon tsami girma ba, launinsu kore mai ratsin rawaya. Suna da tsami da bauri, amma in mutum ya tauna ɗaya sa'an nan ya sha ruwa, sai ya ji ruwan ya yi zaƙi. Gundumar Pratapgarh ta jihar Uttar Pradesh ita ce ta yi suna wajen nomansa. Daga cikin ire-irensa akwai Banarasi da Chakaiya da Francis, da kuma NA-7 wanda wata jami'ar aikin gona ta wannan jiha ta fitar. Babban abin da ya sa ake son sa shi ne yana jure fari, yana kuma yi a ƙasa mai kanwa inda hatsi ba ya yi.

Yadda ake dasa shi

Manoman Indiya ba su dogara ga shuka ƙwallo ba, domin itacen da ya fito daga ƙwallo yakan yi shekara 7 ko fiye kafin ya haihu, 'ya'yan kuma ƙanana. Aure suke yi masa, watau su ɗauko idon itace mai kyau su liƙa a jikin ƙaramin dashe. Wanda aka yi wa aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 5.

Tun da bazara suke haƙa rami mai faɗi da zurfin mita 1, su bar tazarar mita 8 zuwa 10 tsakanin rami da rami. Sai su bar rana ta gasa ramin kamar mako biyu, don ta kashe ƙwari. Bayan haka su cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin shanu kamar kilo 10 zuwa 15, su ƙara da tunkuzar 'ya'yan dogon yaro, su mayar cikin ramin. Tunkuzar nan taki ce, tana kuma korar gara. Idan damina ta kankama sai a yi dashe.

Akwai abu guda da lalle a kiyaye. Iri ɗaya shi kaɗai a gona ba ya haihuwa sosai, domin furensa yana bukatar garin furen wani iri. Saboda haka ake gauraya iri biyu ko uku a gona guda.

Raino

Shekara biyu ko uku na farko su ne na wahala. Tilas a ba dashen ruwa da rani, a kare shi daga iska mai zafi da kuma dabbobi. Ana shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa don ta riƙe laima, in ta ruɓe kuma ta zama taki. Ana sare rassan da suka fito ƙasa-ƙasa, a bar huɗu zuwa shida masu ƙarfi. Kafin itatuwan su yi inuwa, ana shuka wake ko danginsa a tsakaninsu. Ga abinci, ga gyaran ƙasa.

Babban abokin gabarsa wata tsutsa ce mai cin ɓawo, tana huda reshe ta shige. Maganinta shi ne a share ramin da 'yar waya, a cusa auduga da aka jiƙa da man dogon yaro, a liƙe da laka. Itacen da ya manyanta yakan ba da kilo 50 ko fiye a shekara, yakan kuma yi shekara 60 yana haihuwa. Mai dasa shi, jikokinsa ma yake dasa wa.

Amfaninsa ga jiki

Amla yana cikin 'ya'yan itatuwa mafi yawan bitamin C. A cikin giram 100 akan sami miligiram 250 zuwa 600, alhali lemon zaƙi yana da kamar 50, babban mutum kuwa abin da yake bukata a yini bai kai 100 ba. Wannan bitamin shi ne ke sa miki ya warke da wuri, ya ƙarfafa dasashi kada ya riƙa jini. Har wa yau yana taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, wanda shi ne ke hana ƙarancin jini, musamman ga mata masu ciki da yara. Mutanen Indiya suna cin sa ɗanye, suna dafa shi da sukari, suna shanya shi su daka, suna kuma sa shi cikin man gashi. Yana cikin 'ya'yan itace ukun da ake haɗawa a yi maganinsu na gargajiya mai suna Triphala.

Amma fa a yi hattara. Amla abinci ne. Duk wanda ya ce muku garinsa yana warkar da ciwon sukari ko hawan jini, har ku bar maganin asibiti, to cutar ku zai yi. Wanda yake shan maganin sukari ko na tsinka jini, ya shawarci likita kafin ya riƙa shan garin da yawa.

Abin da za mu ɗauka

Wanda ya sami dashe mai kyau, ya fara da gindi kaɗan, ya nemi shawarar malamin gona na yankinsa. Wanda bai samu ba kuwa, bai yi hasara ba. Ramin nan, da takin shanu, da tunkuzar dogon yaro, da shimfiɗa ciyawa, duk suna yi wa goba da lemo da mangwaro aiki. Goba da garin 'ya'yan kuka su ma suna da bitamin C mai yawa, ga su a ƙofar gidanmu. Abin da muke roƙo shi ne kowane magidanci ya dasa ko da itace ɗaya mai 'ya'ya a daminar bana, ya kewaye shi da ƙaya, ya sa yara su riƙa ba shi ruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana lafiya.