Fatar Akuyar Kirsimeti Ba Abin Yarwa Ba Ce

Jawabin da jami'in ayyukan raya karkara ya yi wa wakilan ikkilisiyoyin ƙasar Rano da Kibiya.

 

Zan fara da abin da na gani a wata ikkilisiyarmu lokacin Ista. Matasa sun shirya wasan kwaikwayo a kan shan wuyar Almasihu. Waɗanda suka fito a matsayin sojojin Roma sun yi ɗamara da kwali, kuben takobinsu ma na kwali. Ana tsakiyar wasa ɗamarar ɗaya ta yage, wando ya nemi sauka, jama'a suka kwashe da dariya a inda ya kamata a yi juyayi. Da aka tashi na zaga bayan gidan da na sauka, sai ga fatar akuya a kan danga, rana ta ƙone ta, kare ya ci gefe. Ashe ɗamarar da muka rasa a majami'a tana nan tana lalacewa a bayan gida.

'Yan'uwa, ƙasarmu ta Kano ta daɗe da yin suna a kan fata. Fatar da Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa ayari ke ƙetare hamada da ita. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga yadda ake fitar da takalma da jemammun fatu zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana cikin waɗanda aka fi so a duniya. Akwai majema a Ƙofar Wambai, akwai dukawa a kasuwar Kurmi, akwai kuma cibiyar koyar da aikin fata ta gwamnatin tarayya a Samaru, Zariya.

To, wa zai sayi abin da muka ɗinka? Na farko mu da kanmu. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda aka kafa a Glasgow a 1883, tun farkonta bel da jakar ratayawa suna cikin kayan yaranta, kuma iyaye kan kashe kuɗin mota su je birni nema. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suna bukatar ɗamarar Yohanna Mai Baftisma, da jakar makiyayi irin wadda Dawuda ya zuba duwatsu a ciki, da kube, da takalma. Akwai gafakar Littafi Mai Tsarki da jakar waya. Maƙwabtanmu masu hawan Sallah a Rano suna sayen kayan doki, masu shirya fim a Kano kuma suna neman kayan da na mayaƙa da maharba. Har a Amurka da Turai akwai mutanen da ke yin shigar jaruman finafinan sararin samaniya irin su Star Wars, wanda ya fara fitowa a 1977, suna biyan masu aikin hannu su yi musu bel mai ƙananan jakunkuna. Basillar da ke huda waccan fata ita ce dai irin ta baduku.

Gyaran fata daga wurin fiɗa yake farawa. Mai fiɗa ya rage amfani da tsinin wuƙa, ya riƙa tura fatar akuya da dunƙulen hannu, domin kowace huda tana rage mata daraja. A kankare kitse da nama, a wanke jini. Kada fata ta kwana ba a yi mata komai ba: ko dai a barbaɗe cikinta da gishiri sosai, ko a miƙe ta a kan itace a inuwa inda iska ke ratsawa. Shanya a ƙasa cikin rana yana busar da baya ya bar ciki yana ruɓewa. Masu shanu kuma su daina yi wa dabba lalas a haƙarƙari ko a gadon baya, nan ne wurin da ya fi tsada.

Ina roƙonku, kada kowa ya feɗe mushe don kwaɗayin fata. Cutar antaraks, wadda makiyaya ke ce wa ciwon saifa, tana kama mutum ta wurin taɓa fata ko nama. An tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a 2023. Dabba in ta faɗi ta mutu farat ɗaya, a kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi.

Jima ta gargajiya ba ta bukatar inji. Ana jiƙa fata a ruwan toka ko farar ƙasa gashi ya saki, a kankare, a wanke, sa'an nan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, a shafa mata man gyaɗa ta yi laushi. Jan rini kuwa daga karan dafi ake samunsa. Amma ruwan jima kada a zubar da shi kusa da rijiya ko rafi.

Wajen ɗinki, bel daga ƙirgin sa ake yanko shi, a bi tsawon gadon baya, domin fatar ciki tana miƙewa. A auna ƙugun mai shi da igiya, a ƙara kamar inci 6, a yi huda 5 da tazarar inci 1. Jaka kuwa fatar akuya ta fi dacewa da ita. A fara zana ta a kwali, a gwada, kafin a sa wa fata wuƙa. A huda da basilla tukuna, a ɗinka da zare mai kakin zuma. Kun ga kwali ma yana da nasa aikin, ba dai a ƙugun soja ba.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci, cewa jima aikin wari ne, ba gadonmu ba ne. Ku tuna cikin Ayyukan Manzanni, sura 9 da 10, Bitrus ya yi kwanaki da yawa a Yafa a gidan Saminu majemi, kuma a gidan ne Allah ya nuna masa wahayi kafin ya tafi wurin Karniliyas. Gidan da manzo ya kwana, mu ba mu fi ƙarfin shigarsa ba. Kowace rani 'ya'yanmu suna tafiya cirani, wasu su dawo da ciwo, wasu hannu wofi, wasu kuma su bar zuwa sujada gaba ɗaya. Saurayin da ke da basilla da abin ɗinkawa zai iya yin rani a gida kusa da iyalinsa.

Ga abin da nake roƙo kafin Kirsimeti. Kowace ikkilisiya ta zaɓi matasa 2, namiji da mace, masu haƙuri da zama. Dattawa su raka su wurin baduku na kusa. Yawancinsu maƙwabtanmu Musulmi ne, a je musu da ladabi, a daidaita a kan ladan koyarwa. Zumuntar mata ta tanadi gishiri, ta tattara fatun da za a yanka, a rubuta sunan kowane gida don kowa ya sami haƙƙinsa. Aikin farko ya zama kayan wasan Ista mai zuwa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.