Kuɗin Reno Da Haraji A Amurka: Jawabin Da Aka Gabatar A Taronmu Na Shekara



Sakatare ya ce in yi magana a kan zaman Amurka, ya ba ni minti goma. Sai na zaɓi abu guda wanda ya fi ɗaure mini kai a shekarun farko, wato kuɗin reno. Da yawa daga cikinmu yanzu muna da 'ya'ya a can, sun fara aje iyali, kuma mu ne za su bugo wa waya idan abin ya cije.

A nan gida, idan maigida da uwargida suka fita aiki, akwai kaka, akwai goggo, akwai ƙanwar miji, ga maƙwabta. A can kuwa duk wanda zai riƙe maka yaro na awa ɗaya sai ka biya shi. Akwai watannin da kuɗin gidan reno na yaranmu biyu ya kai kuɗin hayar gidanmu. Uwargida ta taɓa zama da biro da takarda, ta ce mini ita dai ta gane gidan reno take yi wa aiki.

Gwamnatin can ta daɗe kafin ta yarda wannan kuɗi ya shafi haraji. A 1939 wasu ma'aurata masu suna Smith suka nemi a cire musu albashin mai reno daga abin da za a yanka wa haraji, tunda matar na fita aiki. Aka hana su, aka ce reno hidimar gida ce. Sai a 1954 aka yarda a cire har dala 600, sannan a 1976 aka mai da shi rangwame kai tsaye.

Malaminmu na lissafi yana zaune a gaba, don haka bari in yi a hankali. Cirewa daga samu daban, rangwame daban. Idan an cire maka dala 1,000 daga samunka, harajin da ke kan wannan 1,000 kawai ka tsira da shi. Idan kuwa rangwamen 1,000 ne, daga harajin kansa za a zare ta, dala bisa dala.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Yaron ya kasance bai kai shekara 13 ba, ko kuma babba ne da ba ya iya kula da kansa, yana zaune tare da kai fiye da rabin shekara. Miji da mata duka su kasance suna aiki ko neman aiki, sai fa idan ɗaya ɗalibi ne ko naƙasasshe. Tun 2003 abin da ake lissafawa bai wuce dala 3,000 ga mutum ɗaya ba, 6,000 ga biyu ko fiye, ko da ka kashe ninkin haka sau uku. Har zuwa 2025, kashi 35 cikin 100 ake ba masu ƙaramin ƙarfi, ya yi ta sauka har kashi 20 ga wanda samunsa ya haura dala 43,000. Mu kashi 20 muka riƙa samu, wato dala 1,200 a shekara. Ba ta biyan reno na wata guda, amma ban taɓa mayar musu da ita ba.

A 2021, saboda annobar korona, aka ɗaga lissafin zuwa dala 8,000 da 16,000, aka kuma biya har wanda ba a bin sa haraji. Shekara ɗaya aka yi, aka koma gidan jiya. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ɗaga kaso mafi girma zuwa 50 daga 2026, amma 3,000 da 6,000 ɗin nan suna nan yadda suke. Kuma wanda samunsa bai kai a bi shi haraji ba, babu abin da za a rage masa. A ganina nan ne dokar ta gaza, don mai wankin bene a asibiti ta fi likita buƙatar wannan taimako.

Yanzu ga inda na yi tuntuɓe. Shekararmu ta farko wata maƙwabciya ce ta riƙe mana yara, muna biyan ta hannu da hannu. Da lokacin cika takardun haraji ya zo, kafin 15 ga Afrilu, sai na ga fom mai lamba 2441 yana neman sunan mai reno da adireshinta da lambarta ta haraji. Na je na tambaye ta. Matar nan ta kama hannun uwargida tana roƙo kada a sa sunanta, don ba ta taɓa bayyana wa hukumar IRS kuɗin ba. Mutumin da ya goya maka ɗa, yaya za ka kai shi ƙara? Muka haƙura da rangwamen shekarar. Ku gaya wa 'ya'yanku su yi wannan magana da mai reno tun ranar farko, su kuma riƙa karɓar rasit.

Wani zai ce to a ɗauko kaka daga gida mana. Doka ta yarda ka biya kaka ka nemi rangwame, muddin ba ka sa ta cikin waɗanda kake ɗauke da nauyinsu a takarda ba. Amma kakar da ta shiga da bizar ziyara ba ta da izinin yin aikin kuɗi. Ba kuma a lissafa abin da ka ba matarka, ko ɗanka da bai kai shekara 19 ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na mahaifiyata. Shekara huɗu tana kwance a nan gida, duk wata ina aiko da kuɗin mai jinya. Na tambayi akawun da ke cika mini takardu ko wannan zai shiga. Ya ce tana zaune a gidana? Na ce a'a. Ya rufe fayil. A takardar Amurka ni mai iyali huɗu ne, alhali akwai mutum goma sha ɗaya da ke jiran saƙona ƙarshen wata, kuma wasunku a nan ne kuke kai musu shi da hannunku.

Shugaba yana duban agogo. Idan akwai tambaya, ina nan har bayan cin abinci.