Tunawa da Marigayi Tanja Mamadu: Jawabi a Bikin Cikar Sarautar Gamu Shekara Ɗari

 

Mai Martaba Sarkin Gamu, Allah ya ja zamaninka. Masu martaba sarakunan ƙasar Gure, hakimai, malamai, dattawa, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ranar da gida ya cika shekara 100 a kan karaga, rana ce ta tuna magabata, kuma maƙwabci na kirki yana cikin waɗanda ake tunawa. Saboda haka na zaɓi in yi magana a kan marigayi Tanja Mamadu, hafsan soja mai ritaya kuma tsohon shugaban ƙasar Nijar. An haife shi a 1938 a Maine-Sorowa, garin da ke gabas da mu a kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram, ta ratsa Gure, ta nufi Difa.

Tanja ya shiga aikin soja tun yana matashi. Yana cikin hafsoshin da suka hamɓarar da gwamnatin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974 a ƙarƙashin Saini Kunce, lokacin da fari ya ƙare dukiyar makiyaya, rumbuna suka zama wayam. An naɗa shi perefen Maraɗi a 1976, ministan cikin gida a 1979, perefen Tawa daga 1981 zuwa 1988, sannan jakada a Nijeriya. Perefe a wancan zamani shi ne mai matsayin gwamna. A wannan aiki ya san karkara, ya zauna da sarakuna, ya ji kukan manomi da makiyayi da kunnensa.

Da ya tuɓe kaki, sai ya karɓi shugabancin jam'iyyar MNSD-Nasara a 1991. Ya tsaya zaɓe a 1993, Mahaman Usman ya kayar da shi a zagaye na biyu. Ya sake tsayawa a 1996, bai samu ba. Tsohon soja ne da ya san hanyar bariki, amma ya jira akwatin zaɓe, har Allah ya ba shi a 1999, aka kuma sake zaɓensa a 2004. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

Abin da ya sa talakawa suka kira shi Baba Tanja yana nan a ƙauyuka. Kuɗin da Nijar ta samu daga sassaucin bashin waje, ya juya su zuwa Shirin Musamman na Shugaban Ƙasa: azuzuwan makaranta, ƙananan ɗakunan shan magani, rijiyoyi da ƙananan madatsun ruwa. A 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A zamaninsa aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, inda Gamu ta samu majalisarta da magajin garinta, doka kuma ta ba sarakuna kujera a majalisar domin ba da shawara. A 2008 ya aza harsashin matatar mai ta Soraz a arewacin Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da man Agadem.

Allah ya ja zamanin Sarki, yabon da aka ɓoye rabinsa ba ya amfanar ƴan baya. Yunwar 2005 ta taɓa ƙasashenmu ƙwarai, mutane da yawa kuma ba su ji daɗin yadda ya musanta girmanta ba. Sai kuma tazarce. A 2009 ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta domin ƙara shekara 3 a kan wa'adinsa. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji a ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da shi, aka tsare shi har watan Mayu 2011. Ba a rasa masu rawani a cikin waɗanda suka kaɗa gangar tazarce ba, ga shi kuwa Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

A nan darasinmu yake. Mulkin zaɓe aro ne mai wa'adi, sarauta kuwa gado ce da ke ganin shigar gwamnatoci da fitarsu. Don haka hakkin mai rawani ne ya gaya wa mai mulki gaskiya tun yana bisa kujera, domin ba ya neman ƙuri'ar kowa. Ku kuma ƴaƴan wannan gida da za ku shiga soja ko aikin gwamnati, ku ɗauki haƙurin Tanja da kulawarsa da karkara, ku kiyayi ranar da zuciya za ta ce ba a iyawa sai da ku.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 24 ga Nuwamba 2020 yana da shekara 82, aka kai shi Maine-Sorowa aka rufe. Allah ya jiƙansa, ya yafe kurakuransa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya jiƙan sarakunan Gamu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da adalci, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.