Sojojin Darma da Masu Yi Musu Fenti

A unguwar Chelsea ta birnin London akwai gidan kayan tarihi na sojan Ingila. A cikinsa akwai wani makeken tebur da aka siffanta filin yaƙin Waterloo a kansa, da tuddansa da gonakinsa, da 'yan sojojin darma wajen 70,000, kowanne bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, kowanne kuwa da hannu aka yi masa fenti. Wani hafsa, Kyaftin William Siborne, shi ya kammala aikin a 1838. Labarinsa yana da darasi ga masu wannan sana'a, amma kafin a kai gare shi ya kamata a san ita kanta sana'ar.

A Turai da Amurka akwai dattawa da samari, malamai da likitoci da leburori, waɗanda abin shaƙatawarsu shi ne su jera irin waɗannan 'yan sojoji a kan tebur, su sake buga wani yaƙi na tarihi bisa rubutattun ƙa'idodi, da abin awo da ƙwayoyi masu ɗigo irin na ludo. Asalin abin ba wasa ba ne. A 1824 wani hafsan ƙasar Prussia, watau babbar daular Jamusawa ta wancan zamani, mai suna von Reisswitz, ya fitar da ƙa'idodin da aka riƙa horar da hafsoshi da su a kan taswira. A 1893 kamfanin William Britain na London ya gano hanyar zuba darma a bar cikinta rami, sojan wasa ya yi araha. A 1913 kuma marubucin nan H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin da ya shigar da wasan cikin gidajen jama'a.

To, sojan yakan zo hannun mai saye tsirara, launin toka, tsawonsa galibi milimita 15 ko 28, na ƙarfe ko na roba. Darma guba ce, saboda haka yawancin masu ƙira a yau sun koma ga kuza da roba. Tufatar da shi da fenti kuwa aikin mai shi ne, nan ne ake gane gwani da ɗan koyo.

Rabin aikin yana ƙarewa tun ba a taɓa burushi ba. Sai a kankare layin da mazubi ya bari a jikin sojan da 'yar wuƙa, a wanke shi da sabulu don a kawar da maiƙo, sa'an nan a yi masa shafen fari da fenti fari, ko baƙi, ko toka-toka, wanda sauran launuka za su kama. Wanda ya tsallake wannan, fentinsa zai ɓare tun a yaƙin farko.

Babban kuskuren ɗan koyo shi ne lafta fenti da kauri, har ya binne maɓalli da ɗamara da fuskar da maƙeri ya sha wahala a kansu. Gwani yakan tsinka fentinsa da ruwa har ya yi kamar madara, ya shafa sau biyu ko uku, yana barin kowane shafi ya bushe. Yakan fara daga ciki zuwa waje, kamar mai sa tufafi: fata tukuna, sa'an nan riga, sa'an nan ɗamara da makami. Burushi kuwa, tsinin bakinsa ya fi ƙanƙantarsa amfani. Wanda aka fi yabo shi ne na gashin wutsiyar wata dabba mai kama da tunku da ke Sibiriya.

Bayan haka sai zancen haske da inuwa. Abu ƙarami ba ya yin inuwar da ido zai gani, tilas mai fenti ya yi masa ita. Yakan zuba duhun launi tsararo ya gangara cikin lunguna da ninkin tufafi, sa'an nan ya ɗauki launi mai haske ya taɓa wuraren da suka ɗago, kamar kafaɗa da gwiwa da karan hanci. Ga gashin doki ko sulke, sai ya goge burushi a tsumma har ya kusa bushewa, ya share saman abin a hankali. Ya kamata kuma ya tuna daga nesa za a kalli sojan, a tsakiyar tebur, don haka ɓata dare guda a kan ƙwayar ido asara ce. Masu hikima sukan jera goma ko ashirin su yi musu launi ɗaya a zama guda, su kuma ajiye sojansu na farko don su riƙa gwada shi da na baya. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Amma gwanintar hannu ba ta isa ba sai da sani. A Waterloo jar rigar ƙaramin sojan Ingila da saiwar wani tsiro aka rina ta, tana da duhu kamar jan bulo, ta hafsa kuwa ja ce wur, gama rininta daga wani ƙwaro na Meziko yake. Ana bambanta wata runduna da wata ta launin wuyan riga da bakin hannu. Shuɗin rigar sojan Faransa da baba ake rina shi, kuma da jiragen ruwan Ingila suka tare hanyar baba, a 1806 Napoleon ya mai da wasu rundunoninsa ga fararen riguna, ko da yake abin bai daɗe ba. Haka nan mai fentin mayaƙan Mahadi na yaƙin Omdurman, a Sudan, 1898, dole ya san jibbarsu mai faci-faci masu launi, ya kuma ba fuskokinsu kulawar da ya ba na Turawan da suka kara da su. In ya mai da su taron yuyuyu, ya maimaita ra'ayin mai nasara ke nan da burushinsa.

Wannan ya dawo da zance kan Siborne. Ya yi wata takwas yana auna filin Waterloo, ya rubuta wa hafsoshin da suka halarci yaƙin na 18 ga Yuni, 1815, ya sami amsoshi ɗaruruwa. Binciken ya nuna masa cewa da maraicen ranar dakarun Prussia na Blücher sun riga sun iso da yawa suna dannar Faransawa, sai ya jera su a kan tebur yadda ya samu. Wellington, babban kwamandan Ingila, bai gamsu da haka ba. Gwamnati kuwa ta riga ta janye kuɗin da ta fara bayarwa, bashi ya yi wa Siborne katutu, daga bisani ya kwashe dubban 'yan sojojin Prussia daga kan teburin. Ya rasu a 1849, aikin bai arzuta shi ba.

In har manya suna iya damuwa da inda aka tsayar da sojan da bai kai gaɓar yatsa ba, ashe abin ya wuce wasan yara. Mai fenti ɗan tarihi ne, sane ko ba sane ba. Hannu yakan ƙware da yawan yi, fenti yakan zauna da haƙuri, amma sojan ba zai yi kyau na gaskiya ba sai mai shi ya yarda ya sa masa rigar da ya sa, ya kuma tsayar da shi inda ya tsaya.