Daga Ƙahon Rago Zuwa Bakin Inji: Lacca Kan Zanen Murɗaɗɗen Bututu



Abin da muka tsaya a gabanku domin mu tattauna shi ne yadda ake zana bututu mai rami a ciki, wanda ya murɗe yana hawa, yana kuma tsukewa daga baki zuwa tsini, har a miƙa shi ga injin da ke gina kaya da roba. Mai sauraro zai iya cewa wannan magana ce ta ƙasashen Turai, babu ruwan mutumin Sule Tankarkar da ita. To, amma duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga wannan siffa a kan ragunan Uda da Balami. Ƙahon rago yana da rami, yana da faɗi a gindi, yana naɗewa, yana ƙarewa da tsini. Tun 1917 wani masani ɗan Sikotilan, D'Arcy Thompson, ya yi dogon bayani a kan lissafin da ke cikin girman ƙaho da katantanwa. Har ila yau, gidan famfon injin ban-ruwa da manoman rani ke amfani da shi yana da hanyar ruwa mai kama da katantanwa, wadda ke ƙara faɗi har zuwa mafita. Saboda haka siffar ba baƙuwa ba ce a gare mu. Abin da ya rage mana shi ne mu iya faɗarta da lambobi, domin inji ba ya jin "kamar haka", sai adadi.

Bari mu ɗan waiwayi tarihi. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna zane a fuskar kwamfuta a jami'ar MIT ta Amurka. A 1982 aka fito da AutoCAD. A 1986 Charles Hull ya sami haƙƙin mallakar hanyarsa ta gina kaya hawa-hawa. Scott Crump kuwa shi ya ƙago hanyar narka zaren roba a shimfiɗa shi layi bisa layi, kuma da wa'adin haƙƙinsa ya ƙare a 2009, sai farashin irin waɗannan injuna ya faɗi warwas. Kafin nan ma, a 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap, ya sakar wa duniya zanen injinsa kyauta. Manhajojin zane irin su FreeCAD da OpenSCAD su ma kyauta ne. Watau ƙofar da a dā sai manyan kamfanoni ke shiga, yanzu ɗalibi mai kwamfutar hannu yana iya tura ta.

To, yaya ake zanen? Matakai huɗu ne.

Na farko, a zana hanya, watau murɗaɗɗen layin da zai bi ta tsakiyar bututun. Lambobi uku ke tsayar da shi: nisansa daga sandar tsakiya, da tazarar da yake hawa a kowane zagaye, da yawan zagayen. Idan ana so naɗin ya yi ta matsewa yana hawa, sai a ƙara masa kusurwa.

Na biyu, a zana da'irori a kan hanyar nan, kowace tana tsaye daidai a gicciye da layin, babba a baki, ƙarama a tsini. Sa'an nan a umarci manhajar ta ja fata daga da'ira zuwa da'ira tana bin hanyar. Abin da za a samu shi ne ƙaho toshe, marar rami.

Na uku, a sake yin wani ƙahon siriri a kan hanya ɗaya, a cire shi daga cikin na farkon. Wurin da ya bari shi ne ramin. Akwai umarnin da ke rarake abu da kansa, amma sau da yawa yakan gaza a kan murɗaɗɗiyar siffa, don haka hanyar cirewa ta fi aminci.

Na huɗu, a fitar da zanen a tsarin STL, a ba manhajar da ke yanka shi hawa-hawa, kowane hawa kamar milimita 0.2, daga nan sai inji.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Akwai ramuka guda huɗu da sabon shiga ke faɗawa, kuma mun ga ya kamata mu ambace su.

Ramin farko shi ne kaurin bango. A ce bakin bututu milimita 40 ne, tsininsa 10, bango kuma 2. Idan mutum ya zana zobe ɗaya ya ce wa manhaja ta rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, to bangon ma zai ragu, ya koma rabin milimita a tsini. Alhali kuwa bakin yawancin injunan nan milimita 0.4 ne, layi ɗaya tak zai shimfiɗa a wurin, ruwa ya yi ta yoyo. Maganinsa shi ne a ba ƙahon ciki nasa lambobin, daga 36 zuwa 6, bango ya zauna 2 ko'ina.

Na biyu shi ne bututu ya ci jikinsa. Idan tazarar hawa ba ta kai faɗin bututun ba, zagaye na sama zai shige cikin na ƙasa, manhaja ta ƙi aiki, ko ta ba da siffar da ba ta bugawa.

Na uku shi ne rufin ramin. Inji ba ya gini a kan iska. Idan karkata ta wuce kimanin digiri 45, sai an kafa masa ginshiƙan tallafi. Ginshiƙin waje ana ɓalle shi da hannu, amma na cikin murɗaɗɗen rami wa zai shiga ya ciro shi? Saboda haka akan raba bututun gida biyu a manne daga baya, ko a yi tallafin da robar da ke narkewa a ruwa.

Na huɗu ya shafe mu fiye da kowa, shi ne zafi. Robar PLA, wadda aka fi samu, tana fara laushi wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya san ranar Afrilu a ƙasar Gumel ya san abin da zai sami irin wannan roba idan aka bar ta cikin mota a rufe. PETG ta fi ta juriya, tana kaiwa wajen digiri 80.

Jama'a, kada a ɗauka muna cewa roba za ta maye gurbin ƙarfe, ko kwamfuta ta kori maƙeri. Akasin haka muke nufi. Masu zubin tukwanen alminiyam a Kano da Maraɗi suna danna samfur cikin yashi, su zare shi, su zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Abin da ya fi ba su wuya shi ne samun samfur mai daidaitaccen awo na siffa mai wuyar sassaƙa. Ɗalibin da ya iya zana rabi biyu na gidan famfo ya buga su, ya ba maƙeri samfur; maƙeri kuma ya ba shi ƙarfe da sanin wuta wanda babu shi a littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan injin ban-ruwa ya fashe a tsakiyar rani, manomi ba ya jiran jirgi daga Sin, shukarsa kwana kaɗan take jurewa.

Tun da aka kafa Jihar Jigawa a 1991 an buɗe manyan makarantu, daga cikinsu akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa. Roƙonmu ga ƙungiyar ɗalibai shi ne ta kafa zaman koyon zane sau ɗaya a mako, domin koyon zane ba ya bukatar injin bugu. Ga yayyenmu ma'aikata kuma, idan an zo sayen kayan makarantun fasaha, a tuna cewa inji ba tare da mai zane ba ƙura kawai zai sha a ɗaki.

Ga wanda zai fara a daren yau, ya samo ƙahon rago, ya auna bakinsa da tsininsa da tazarar naɗinsa, ya zana shi. Ranar da zanensa ya yi daidai da ƙahon, ya kama hanya.