Tsohon Suna a Jikin Sabuwar Mota

Hirarmu ta yau kan wata mota ce wadda da wuya ta taka hanyarmu, amma cinikinta irin wanda kuka sani ne.

Sunanta Lamborghini Countach LPI 800-4, ƙirar ƙasar Italiya. An nuna ta a watan Agustan 2021 a Kalifoniya ta Amurka, kamfanin kuma ya ce guda 112 kacal zai ƙera. Kuɗin kowace ɗaya ya haura dala miliyan 2 da rabi, wato sama da sefa biliyan 1. Duk da haka an saye su kaf tun kafin a miƙa wa kowa makulli.

Mutum biyu take ɗauka, ba wurin buhu ko ɗaya. Injinta mai silinda 12 ne, da ɗan taimakon lantarki, tana gudun kilomita 355 a awa. Ƙofofinta sama suke buɗewa kamar almakashi. Ga ta kuma a ƙasa ƙwarai, ramin farko a hanyar kasuwar ƙauye ya ishe ta.

To, me ya kai ta wannan kuɗi? Abu biyu ne: ƙaranci da asali. Ɗan kasuwa ya san in kaya ya yi wuya mai shi ke yanka farashi, kamfanin kuwa da gangan ya ƙaranta ta. Makiyayi kuma ya san ana sayen bijimi ne a tambayi uwarsa da ubansa, a ga ko Azawak ne na gaske. Shi kansa Ferruccio Lamborghini ɗan manoma ne, da tarakta ya fara kafin ya buɗe kamfanin motoci a 1963. Bijimi ne tambarinsa, kuma motarsa Miura ta samo suna daga wani gidan kiwon bajimai a Sifaniya.

Asalin da aka sayar a nan shi ne tsohuwar Countach, wadda aka fara nunawa a Janiba a 1971, aka yi ta ƙerawa daga 1974 zuwa 1990. Kalmar ta mutanen arewacin Italiya ce, abin da suke faɗa in sun ga abin mamaki, kamar mu ce "kai!" Sabuwar ta kwaikwayi fuskarta da ƙirar jikinta, shi ya sa attajiran da suka tashi suna ganin hotonta suka buɗe bakin aljihu.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. In aka ɗaga rigar, ƙashin motar na wata ce mai suna Aventador, wadda kamfanin ya yi ta sayarwa daga 2011 zuwa 2022 a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Sannan Marcello Gandini, wanda ya zana ta farkon, ya fito fili a 2021 ya ce ba da hannunsa aka yi sabuwar ba, bai kuma yarda da maimaita tsohon aiki ba. Wato mai garken ya ce wannan maraƙi ba daga cikin shanunsa ya fito ba.

Su masu sayen sun san duk wannan, kuɗinsu ne, ganin damarsu ne. Wanda abin zai cuta shi ne mai ɗan jari da ya tara shekara da shekaru, ya je sayen motar ɗaukar kaya ko babur, sabon fenti da babban suna suka ɗauke masa hankali. Don haka, malam, kafin ka ƙirga kuɗi, tafi da makanikenka. A buɗe inji, a leƙa ƙarƙashi, a gwada lambar jikin mota da wadda ke takardar kwastan. Ka tabbata kuma ana samun kayan gyaranta a kasuwa mafi kusa da kai.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.