Ragar Harawa: Maganin Haɗamar Doki a Barga

Wannan shi ne jawabin da wani malamin dabbobi ya yi wa masu kiwon dawaki da ɗaliban ajin manya.



Doki dabba ce mai daraja a ƙasar Hausa. Shi ne adon hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau da Daura. A ƙauye ma, dagaci da mai hali suna alfahari da dokinsu. Amma sau da yawa doki yana lalacewa a turke, alhali ba yunwa aka bar shi da ita ba. Yadda ake ba shi abincin ne ba daidai ba.

Yadda cikin doki yake

Allah ya halicci doki don ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan. Dokin da aka sake a makiyaya yakan yi wajen awa 16 a rana yana kiwo. Tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka. Wato bai kai jarkar ruwa mai lita 20 ba.

A cikin tumbin akwai wani ruwa mai tsami da yake narkar da abinci. Ruwan nan yana fitowa dare da rana, ko doki ya ci ko bai ci ba. Yawu ne yake rage ƙarfinsa, yawu kuwa ba ya zuwa sai doki yana tauna. Idan tumbi ya daɗe babu komai, ruwan sai ya fara cin naman tumbin. Daga nan gyambon ciki yake farawa.

Wani abin lura kuma, doki ba ya iya amai. Abin da ya haɗiye ya shiga ke nan.

Kuskuren da ake yi

Mai doki yakan zube damin harawa a ƙasa da safe, ya tafi gona ko kasuwa. Doki ya cinye ganyen cikin ɗan lokaci, ya tattake sauran, ya yi fitsari a kai. Daga nan sai ya wuni babu abin taunawa. Shi ya sa ake ganinsa yana gaigayar turke, yana tauna igiyarsa, yana ramewa.

Cin abinci a kan rairayi ma yana da haɗari. Rairayin yakan taru a hanji, ya kawo ciwon ciki mai tsanani, har ya kashe doki. Ga kuma asarar harawa, wadda kowa ya san tsadarta da bazara.

Abubuwan zuba abinci iri uku

Na farko shi ne komi, na itace ko na rabin duro. Yana raba abinci da ƙasa, kuma doki yana ci kansa a sunkuye kamar yadda ya saba. Sai dai ba ya hana saurin ci. Idan na duro ne, a daddake bakinsa don kada ya yanki doki.

Na biyu shi ne komi mai murfin sanduna. Ana jera sanduna masu santsi a kan abincin, doki yana zarowa ta tsakaninsu. Yana rage sauri ƙwarai. A yi murfin da itace, domin ƙarfe yana iya ɓata haƙori.

Na uku ita ce raga. Ita ta fi arha, kuma duk mai iya tufka igiya zai iya saƙa ta a gida. Sirrinta yana ga ƙofofinta. Kowace ƙofa ta zama kamar faɗin yatsu biyu, wato santimita 3 zuwa 5. Da haka doki zai riƙa fizgo kaɗan-kaɗan, abinci ya daɗe a gabansa. Raga mai manyan ƙofofi ba ta hana haɗama, kuma kofato yana iya shiga cikinta.

Yadda ake amfani da raga

A rataye ta daidai ƙirjin doki zuwa kafaɗarsa. Idan ta yi sama da yawa, ƙura za ta zuba masa a ido da hanci, wuyansa kuma ya gaji. Idan ta yi ƙasa, yana iya sa ƙafa a ciki. A tuna raga tana ƙara saukowa idan abinci ya ragu, saboda haka a ɗaure gindinta ma.

A kwanakin farko a zuba masa ɗan abinci a komi tare da ragar, har ya saba. A riƙa duba ragar kullum. Igiyar da ta tsinke a gyara ta nan da nan, kada doki ya haɗiye ta. A duba dasashinsa da leɓɓansa ko sun yi rauni.

Nawa za a ba shi?

Dokin da nauyinsa ya kai kilo 300 yana bukatar kilo 5 zuwa 6 na busasshen abinci a rana. A haɗa ingirici da harawa, a raba kashi uku ko huɗu, a bar kaso mai yawa don dare. Da rana kada a bar shi fiye da awa 4 babu abin taunawa. Abincin da ya yi fumfuna a zubar da shi.

A ba shi ingirici kafin gero ko dusa. Idan yana wawurar hatsi, a sa manyan duwatsu masu santsi a cikin komin, waɗanda suka fi ƙarfin bakinsa. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke masa.

Tsohon doki mai raunin haƙori da dokin da ya rame ba sa bukatar raga mai ƙananan ƙofofi. A bar su su ci a komi.

Idan doki ya ƙi abinci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana birgima yana gumi, a ɗauke abincin a kira malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Rigakafi ya fi magani. Kuɗin igiyar raga bai kai kuɗin allura ba, balle kuɗin sabon doki. Allah ya sa albarka a kiwo, amin.